Murhunmu da gonarmu a zamanin canjin yanayi

Yara, in kun koma gida yau da maraice, ku zauna kusa da kakanninku, ku yi musu tambaya biyu. Ta fari: lokacin da suke yara, ina ake zuwa neman itacen wuta? Ta biyu: yaushe ake yin shibka?

Da yawa za su ce muku a zamaninsu itace bayan gari yake. Yarinya ta fita da hantsi, kafin rana ta take ta dawo da kayanta a kai. Yau kuwa, a garuruwa da dama, sai an yi tafiya mai nisa, ko a saya wajen masu amalanke. Za su kuma ce muku damana ta rikice. Wata shekara ruwa ya makara. Wata shekara ya sauka da wuri, a yi shibka, sai ya ɗauke har shibkar ta ƙone.

A 1984 ina ɗan makaranta kamarku. Ruwa bai sauka yadda ya kamata ba. Hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba, shanu suka yi ta mutuwa. Ajinmu ya rage, domin iyaye da yawa sun kwashe ƴaƴansu sun tafi neman abinci. Har yau ban manta da teburan da suka zauna ba kowa ba. Shi ya sa nake so ku karanta wannan darasi da natsuwa.

Mene ne canjin yanayi?

Rana tana haska ƙasa, ƙasa ta ɗauki zafi. Wani sashe na zafin yana komawa sama. Amma iskar da ta kewaye duniya tana tsare wani sashe, kamar yadda bargo yake tsare ɗumin jiki a lokacin ɗari. Wannan bargo abu ne mai kyau. Da ba don shi ba, da sanyi ya hana mu rayuwa.

Cikin iskar akwai wata da ake kira iskar karbon. Ba a ganinta, ba ta da wari. Tana fitowa duk lokacin da aka ƙona man fetur, ko gas, ko gawayin ƙasa, ko itace. Fiye da shekara 150 ke nan masana'antu da tashoshin lantarki da motoci suna ta fitar da ita. Sai bargon ya yi ta ƙara kauri. To, kun san abin da zai sami wanda ya lulluɓa da bargo biyu a watan bazara.

Masana sun auna, sun gano cewa zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 in an gwada da ƙarshen ƙarni na 19. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo. Digiri 1 kamar ba yawa. Amma ku tuna da mai zazzaɓi: in zafin jikinsa ya tashi daga 37 zuwa 38, ya riga ya fara jin jiki.

Fari ba baƙo ba ne a Nijar. An yi babban fari a 1973, an sake yi a 1984. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne zafi da rikicewar ruwa. Sau da yawa ruwan yakan zo da ƙarfi a lokaci guda, ya kwashe ƙasar gona, ya rushe gidaje. A 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A damanar 2024 ambaliya ta shafi dukan jihohin ƙasa, mutane da yawa suka rasa rayukansu. A watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe.

Ya kamata ku san gaskiya guda. Ba mu ne muka fi ɓata iskar duniya ba. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na iskar karbon da masana'antu da motocin duniya suke fitarwa. Babban aikin rage ta yana wuyan ƙasashe masu arziki, kuma a 2015 ƙasashen duniya sun yi alkawarin haka a birnin Paris na Faransa. Amma zafin ba ya tambayar wanda ya yi laifi. Gonarmu yake ƙonawa. Don haka ba za mu zauna jira ba. Garin da yake da itatuwa da ƙasa mai taki ya fi jure fari da ambaliya bisa ga garin da ya zama fili fetal. Wannan aiki kuwa a hannunmu yake, kuma daga murhu yake farawa.

A bakin murhu

A Nijar, kusan gida 9 cikin 10 da itace ko gawayi ake dafa abinci. Galibi murhun duwatsu uku ne. Ku tsaya kusa da shi ku duba da kyau. Harshen wuta yana fita ta ko'ina, iska tana kaɗa shi. Mai girki tana jin zafi a ƙafafunta, tana gumi. Wannan zafin duk hasara ne, domin tukunya ba ta same shi ba. Mafi yawan zafin itacen a iska yake tafiya. Ga kuma hayaƙi, wanda yake sa ciwon ido da tari, musamman ga uwa da jaririn da take goye.

Akwai murhu mai tsimin itace. Iri biyu aka fi sani. Na fari na ƙasa ne, kowa yana iya gina shi. Ana kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi da kashin jaki ko na shanu, a bar shi ya kwana biyu ya jiƙa. A dasa duwatsu uku, a aza tukunyar da za a riƙa girki da ita, a gina bango kewaye da ita. A bar ɗan tsakani, kamar kaurin yatsa, tsakanin tukunya da bango, don hayaƙi ya sami hanya. A buɗe ƙofa guda ta sa itace. In ya bushe sarai, sai a fara aiki da shi. Na biyu na ƙarfe ne, maƙera suke ƙera shi. Wanda ake kira Mai Sauƙi ya bazu a Yamai tun shekarun 1980. Irin waɗannan murhu, in an yi su daidai, suna rage kusan kashi 1 cikin 3 na itacen da ake ƙonawa.

Bari mu yi lissafi. Mu ɗauka wani gida yana ƙona kilo 6 na itace kowace rana. Da sabon murhu kilo 4 ya isa. An tsimi kilo 2 a rana ke nan. A shekara, kilo 2 sau 365 ya ba da kilo 730. In gida 100 na gari suka yi haka, an tsimi kilo 73 000 a shekara guda. Ku yi tunanin amalanke nawa ke nan, da itatuwa nawa da aka bari tsaye.

Ko murhun bai canza ba, akwai dabarun da ba a sayen su da kuɗi:

A yi aiki da busasshen itace. Ɗanye yana ɓata zafinsa wajen busar da kansa, hayaƙinsa kuma ya fi yawa.

A shirya kayan miya duka kafin a hura wuta. Kada wuta ta yi ta ci ana daka.

A rufe tukunya da marfi. Ta fi saurin tafasa.

A jiƙa wake tun da dare. Da safe ba ya daɗewa bisa wuta.

A kare murhu daga iska da ɗan bango ko guntun kwano.

In tukunya ta tafasa, a janye wani itacen. In an gama girki, a kashe bakin wuta da rairayi, a ajiye don gobe.

Ku ƴan maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Ƙannenku mata su ne suke rasa darasi saboda neman itace. Yaro yana iya kwaɓa yumɓu, yana iya taya inna gina murhu. In itacen da ake bukata ya ragu, yarinya ta sami lokacin karatu.

Dajin da yake ƙarƙashin ƙasa

Itace yana shan iskar karbon ta ganyensa, ya gina jikinsa da ita. Yana kuma tare iska, yana riƙe ƙasa da saiwoyinsa, ganyensa ya zuba ya zama taki. A gonar da ba itace, iskar farkon damana takan binne shibka da rairayi, har manomi ya sake shibka sau biyu ko sau uku.

Shekaru da yawa an ɗauka gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Kowace bazara a sare duk tsiron da ya fito, a tara a ƙona. A wani gefen kuma ana ta dashen itatuwa daga gandun reno, amma mafi yawansu suna mutuwa saboda ƙishirwa da awaki da gara.

A 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Toni Rinaudo yana aiki a yankin Maraɗi. Wata rana ya tsaya bakin hanya, ya dubi ƴan tsire-tsiren da suke warwatse cikin gonaki. Da ya matsa kusa, sai ya ga ashe ba ciyawa ba ne. Tohon itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa. Kututturen yana da rai, saiwoyinsa sun yi zurfi har inda laima take. Ashe akwai daji a ƙarƙashin ƙasa, yana jiran a bar shi ya tashi.

Da fari mutane sun yi wa masu barin tsiro a gona dariya, suna cewa ragwaye ne. Bayan yunwar 1984 wasu manoma suka gwada. Suka ga hatsi bai ragu ba, ga kuma itacen wuta a gonarsu. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, gari ya koya wa gari. Wannan dabara ita ake kira sassaben zamani. Bayan shekara 20 da ɗoriya, masana suka gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama da sababbi. Suka gano cewa manoman Nijar, musamman na jihohin Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa wajen miliyan 200 bisa fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba gwamnati ta dasa su ba. Iyayenku da kakanninku ne suka yi wannan aiki da gatari da adda. Yau mutane daga ƙasashe da yawa suna koyi da su.

Ga yadda ake yi. Ka zagaya gona ka nemi kututture masu toho: sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa, gawo. A kowane kututture ka zaɓi rassa uku zuwa biyar, waɗanda suka fi ƙarfi kuma suka miƙe. Ka sare sauran. A jikin waɗanda ka bari, ka datse ƙananan rassa na ƙasa har zuwa rabin tsawonsu. Addar ta kasance mai kaifi, kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya tsage. Ka ɗaura ɗan tsumma a jiki, don mai wucewa ya san wannan itace da mai shi. Kowace shekara ka dawo ka gyara. In rassan sun yi kauri, kana iya sare guda don bukatar gida, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa.

Cikin itatuwan gona, gawo yana da wata baiwa. Sauran itatuwa suna yin ganye da damana. Shi kuwa da damana yake zubar da nasa, sai rani ya yi sannan ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Dabbobin da suka zo shan inuwa su bar kashinsu a wurin. Ku duba da kanku bana: hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da manyan zangarnu. Tun zamanin sarakunan Damagaram na da aka hana saran gawo.

Aikin yana da wahalarsa. Wani yakan zo da dare ya sare itacen da ka yi shekara uku kana reno. Awaki sukan cinye toho. Shi ya sa a garuruwa irin Ɗan Saga, cikin jihar Maraɗi, mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata, da manoma da makiyaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ɗigon ruwa ya tafi banza

In ruwa ya sauka bisa fako, ba ya shiga ƙasa. Gudu yake yi, ya tafi da taki. Manoman Adar suna da maganin wannan, sunansa tassa. A 1989 wasu manoman Ilela sun je Burkina Faso, sun ga yadda manoman can suka gyara wannan tsohuwar dabara, suka dawo da ita gida. Da rani ake gina ƴan ramuka, faɗin kowane kamar taki guda na hannu ko fiye kaɗan, zurfinsa wajen santimita 15 zuwa 20. A tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare, don ta tare ruwa. A zuba taki cike da tafi biyu a ramin. Gara takan zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. In ruwa ya sauka, sai a yi shibka cikin ramin. Da haka aka maida fako da yawa gonaki.

A gida ma akwai tassa ta yara. Ku dasa zogale ko dogon yaro kusa da inda ake alwala da wanke hannu. Ruwan da yake malala banza ya ishe shi. Ku rufe gindinsa da kara ko busasshiyar ciyawa, don rana kada ta shanye laimar. Ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ku yi ban ruwa da sassafe ko da maraice. Tun 1975, ranar 3 ga Agusta ita ce ranar dashen itace a Nijar. Amma dashe na yini guda ne, reno kuwa na shekara biyu ne ko uku. Ɗalibin da itacensa ya kai damana ta gaba da rai, shi ne ya yi aiki.

Leda da wutar daji

Ku dubi ƙayar da take bayan gari. Baƙar leda ta rataya a ko'ina. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye, tana yin shekaru masu yawa cikin ƙasa. Akuya ta ci, ta toshe mata ciki, ta rame har ta mutu. A birni tana toshe magudanan ruwa, sai ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidaje. In an ƙona ta, hayaƙinta guba ne. A 2014 Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda mai laushi, amma doka ba ta shiga kasuwa ta riƙe hannun kowa. In an aike ku sayen gishiri ko tumatir, ku tafi da kwando ko ƙwarya ko kwano. In mai kanti ya miƙo leda, ku ce: "Na gode, baba, ga abin zubawa na zo da shi."

Wutar daji kuwa sau da yawa daga ƙaramin abu take tashi: yara masu farautar gafiya, ko matafiyin da ya dafa shayi bai kashe wuta ba. Cikin yini guda sai ta cinye ciyawar da dabbobi za su ci rani duka, ta kashe ƙananan itatuwa. Kada ku kunna wuta a daji. In kun hango hayaƙi, ku ruga ku faɗa wa manya.

Da me zan fara?

Wataƙila wani cikinku zai ce: "Malam, ni yaro ne, ba ni da gona, ba ni da murhu." Gaskiya ne. Kuma murhu guda ba zai sanyaya duniya ba. Amma ku tuna da itatuwa miliyan 200 ɗin nan. Ba wanda ya raya su shi kaɗai. Kowane manomi kututturen gonarsa ya duba.

Ku zaɓi abu guda cikin wannan mako. Wata ta rufe tukunya da marfi. Wani ya roƙi baba ya ba shi kututture biyar a gefen gona, ya ɗaura musu tsumma. Wata ta tafi kasuwa da kwando. Ku rubuta abin da kuka zaɓa cikin littafinku, tare da kwanan wata. In an dawo daga hutu, kowa zai faɗa wa aji inda aikinsa ya kai.

Mu riƙe waɗannan kalmomi

canjin yanayi: le changement climatique
iskar karbon: le gaz carbonique
fari: la sécheresse
ambaliya: l'inondation
murhu mai tsimin itace: le foyer amélioré
kututture: la souche
gandun reno: la pépinière
wutar daji: le feu de brousse

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kamanta iskar da ta kewaye duniya da bargo?
2. Daga ina iskar karbon take fitowa?
3. Ina mafi yawan zafin murhun duwatsu uku yake tafiya?
4. Faɗi dabaru uku na tsimin itace waɗanda ba a sayen su da kuɗi.
5. Mene ne dajin da yake ƙarƙashin ƙasa?
6. Wace baiwa gawo yake da ita wadda sauran itatuwa ba su da ita?
7. Wane amfani gara take yi cikin ramin tassa?

Aiki

a) Wani gida yana ƙona kilo 9 na itace a rana. Sabon murhu ya rage kashi 1 cikin 3. Kilo nawa aka tsima a rana? Kilo nawa a wata mai kwana 30?
b) Ku tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa sunayen itatuwa biyar da suke da yawa a garinku a da. Ku rubuta waɗanda suka rage da waɗanda suka ɓace.
c) Tare da malaminku, ku zagaya filin makaranta ku ƙirga kututture masu toho. Kowane rukuni ya ɗauki guda, ya gyara shi, ya auna tsawonsa a farkon kowane wata.